Ribas ɗin Injin Jirgin Sama: Me Ke Faruwa Idan Matsin Mai Ya Gudu?

Gabatarwa

Mutanen ƙaramar hukumar Ungogo, musamman na Fanisau da ƙauyukan da ke maƙwabtaka da filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, sun saba da wata irin ƙara da takan tashi da zarar babban jirgi ya dira. Jirgin zai sauko a hankali, injunansa sun yi sanyi, amma da ƙafafunsa sun taɓa ƙasa sai a ji ya yi ruri kamar zai sake tashi. Bayan 'yan daƙiƙoƙi kuma sai ƙarar ta lafa. Wannan ruri na ribas ne, watau wata na'ura da ke juya iskar da inji ke fitarwa ta fuskanci gaba, domin ta taimaka wajen tsayar da jirgin.

A yawancin jiragen zamani, ƙarfin da ke buɗe wannan na'ura yana fitowa ne daga man haidurolik da aka matsa cikin bututu. To, idan bututu ya fashe, ko famfo ya tsaya, matsin ya gudu, yaya ribas zai kasance? Wannan maƙala za ta bi tambayar daki-daki, tare da misalai daga haɗurran da suka auku, ciki har da na wani jirgin kaya da ya nufo Kano a shekarar 1992.

Nauyin Aikin Tsayar da Jirgi

Duk abin da ke tafiya yana ɗauke da makamashin motsi. Ɗaliban kimiyyar fiziks sun san yadda ake lissafinsa: a ɗauki rabin nauyin abin, a ninka shi da gudunsa, a sake ninkawa da gudun. Alal misali, jirgi mai nauyin tan 65 da ya sauka da gudun kilomita 260 a awa, watau kimanin mita 72 a daƙiƙa, yana ɗauke da makamashin da ya kai jul miliyan 168. Da za a mayar da wannan makamashi zafi, ya isa ya kai ruwa fiye da lita 500 ga tafasa, sama da duro biyu da rabi ke nan. Dole ne a kashe shi duka cikin ƙasa da minti ɗaya, kafin titi ya ƙare.

Abin lura shi ne, tun da gudu sau biyu yake shiga lissafin, idan ya ninka biyu makamashin zai ninka huɗu. Saboda haka ƙarin gudu kaɗan yakan zama ƙarin aiki mai yawa.

Abubuwa uku ne ke haɗuwa su tsayar da jirgi. Na farko birkin tayoyi, kuma shi ne uban tafiya. Na biyu wasu alluna da ke miƙewa a bayan fikafikai. Suna lalata ƙarfin da ke ɗaga jirgi, sai nauyinsa ya zauna a kan tayoyi, birki ya sami kamu. Na uku shi ne ribas. A busasshen titi birki kaɗai ya isa, shi ya sa ƙa'idar gwajin jirage ba ta sa ribas cikin lissafin nisan sauka a irin wannan titi. Amma da damina, lokacin da ruwa ya kwanta taya ta shiga santsi, darajar ribas takan fito fili, domin shi da iska yake aiki, babu ruwansa da kamun taya.

Yadda Ribas Ke Aiki

Sunan yana iya ruɗar da mai karatu. A mota, idan aka sa ribas tayoyi ne ke juyawa baya. A jirgi kuwa inji yana nan yana juyawa yadda ya saba. Hanyar fitar iska kawai ake sauyawa. Mai noman rani ya san haka a aikace. Idan ya riƙe tiyon injin ban-ruwa, zai ji tiyon yana tura hannunsa baya yayin da ruwa ke fita gaba, kuma duk inda ya karkata bakin tiyon, turin yakan koma kishiyar wurin. Wannan ita ce doka ta uku ta Isaac Newton: kowane turi yana da martani daidai da shi, ta kishiyar fuska.

Injin jirgin fasinja yana da wata ƙatuwar fanka a gaba. A injin Boeing 737-800, misali, kimanin kashi biyar cikin shida na iskar da fankar ta zuƙa ba ya shiga inda ake ƙona mai. Yana bi ta gefe ne ya fita ta baya, kuma shi ke ba da mafi yawan turin da ke tafiyar da jirgin. Idan matuƙi ya ja hannun ribas, sai murfin bayan injin ya zame baya. Zamewar tasa takan jawo wasu ƙananan ƙofofi su tare hanyar iskar, ta kuma buɗe wata raga mai karkatattun haƙora a gefen injin. Iskar da ta rasa hanyar baya sai ta bi ta ragar, ta fita ta gefe tana fuskantar gaba. Da yake a karkace take fita, kuma iska mai zafi ta tsakiyar inji tana ci gaba da fita ta baya, ƙarfin ribas bai kai rabin ƙarfin da inji ke bayarwa a lokacin tashi ba.

Ribas ya fi amfani sa'ad da jirgi ke da gudu sosai. Idan gudun ya ragu zuwa wajen kilomita 110 a awa, matuƙa sukan rage shi, don kada inji ya sake zuƙar iskar da ya fitar tare da ƙura da tsakuwa. Ƙura babbar abokiyar gābar inji ce. A ranar 4 ga Mayu, 2002, jirgin kamfanin EAS ƙirar BAC 1-11 ya zarce ƙarshen titi a Kano wajen tashi, injunansa suka zuƙi ƙura, ƙarfinsu ya ragu, ya faɗa unguwar Gwammaja. Mutane fiye da 100 suka rasu, na cikin jirgi da na ƙasa.

Sirrin Man Haidurolik

Murfin da ake zamarwa yana da nauyi, ga iska mai ƙarfi tana dukansa. Hannun mutum ba zai iya motsa shi ba. A nan ne ake neman taimakon wata ƙa'ida da masanin Faransa Blaise Pascal ya bayyana a ƙarni na 17. Ƙa'idar ta ce idan aka matsa ruwan da ke kulle cikin mazubi, matsin yakan isa kowane lungu na mazubin daidai wa daida. Da ita jek ke ɗaga mota, da ita tifa ke ɗaga bayanta ta juye yashi, da ita kuma tarakta ke ɗaga garma a ƙarshen kunya.

A yawancin jiragen fasinja matsin man yakan kai laba 3,000 a kan kowane inci murabba'i, watau kimanin kilo 210 a kan kowane santimita murabba'i. Ya kusa ninka matsin iskar tayar ƙaramar mota sau ɗari. Idan fuskar fistin ta kai santimita murabba'i 20, man zai tura shi da ƙarfin da ya yi daidai da nauyin kilo 4,200. Jirage irin su Airbus A380 da Boeing 787 suna aiki da laba 5,000.

Sharaɗin wannan ƙarfi shi ne man ya kasance a kulle. Direban da tiyon birkinsa ya taɓa fashewa ya san abin da ke biyo baya: zai taka, ƙafarsa ta nutse har ƙasa, mota ba ta tsaya ba. Matsi yakan gudu a jirgi ta hanyoyi uku. Bututu yana iya fashewa ko ya ƙone, mai ya tsiyaye. Injin da ke juya famfo yana iya mutuwa. Lantarkin da ke tafiyar da sauran famfuna da bawul-bawul yana iya yankewa.

Hanyoyi Uku, Ba Ɗaya Ba

Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani, kuma tsohuwar dabarar injiniyoyi ita ce kada a dogara da hanya ɗaya. Boeing 737, wanda kamfanonin Nijeriya da dama ke amfani da shi, misali ne mai kyau. Yana da tsarin mai guda uku: A, B, da na ko-ta-kwana. Kowanne da tankinsa da bututansa. A da B kowanne yana da famfo biyu, ɗaya inji ke juya shi, ɗaya lantarki. Ribas ɗin injin hagu yana shan ƙarfi daga A, na dama daga B. Idan ɗayansu ya lalace, tsarin ko-ta-kwana zai buɗe ribas ɗin wannan gefe, sai dai a hankali, domin famfonsa ƙarami ne, kuma da lantarki kawai yake aiki.

Wannan jinkiri yana da sakamako. Idan ribas ɗin dama ya riga na hagu buɗewa, gefen dama zai fi jin birki, hancin jirgi ya karkata dama, kamar amalanken da aka riƙe masa ƙafa ɗaya. Matuƙi zai gyara da jelar jirgi da birkin ɗaya gefen, amma a jiƙaƙƙen titi ko cikin iska mai bugowa ta gefe, wannan karkata tana iya fitar da jirgi daga titi.

Idan kuwa matsi ya gudu baki ɗaya, ribas zai zauna a rufe, sakatunsa a kulle. Haka aka tsara shi da gangan. Babbar matsalar ita ce ba shi kaɗai ke tafiya ba. Man da ke buɗe shi shi ke miƙar da allunan fiffike, shi ke matsa birki, shi ke karya kan tayar gaba, shi kuma ke sauke faffaɗan ɓangaren bayan fiffike da ke ba jirgi damar sauka da ƙaramin gudu. Jirgin da ya rasa mai zai zo da gudu fiye da kima, ga shi kayan tsayawarsa sun ragu. Abin da kan rage masa shi ne wani ɗan rumbu mai iskar naitirojin da ke ajiye matsin taka birki 'yan lokuta kaɗan. A ranar 19 ga Yuli, 1989, wani DC-10 na kamfanin United ya rasa dukkan tsarin mansa guda uku sa'ad da fankar injin jelarsa ta tarwatse. Da ƙarawa da rage ƙarfin sauran injuna biyu kawai matuƙan suka kai shi filin Sioux City a Amurka, inda ya dira da gudu mai tsanani ya kakkarye. Cikin mutum 296, fiye da 180 sun tsira.

Jirgin Kano da Ya Sauka a Istres

A ranar 31 ga Maris, 1992, wani Boeing 707 na kamfanin Trans-Air Service, mai rajistar Nijeriya, ya tashi daga Lukzambag ɗauke da kaya zuwa Kano, da mutum biyar a ciki. Yana saman kudu maso gabashin Faransa, wani ƙarfe da ke riƙe da inji na 3 ya karye saboda tsagar da ta daɗe tana cinsa. Injin ya fizge, ya bugi na 4, duka biyun suka rabu da fiffiken dama. Matuƙan suka karkata zuwa filin sojan sama na Istres mai dogon titi, kuma kafin su sauka wuta ta kama fiffiken.

Jirgin ya dira da gudun kimanin kilomita 350 a awa. Idan aka gwada da kilomita 260, aka bi lissafin da ya gabata, za a ga makamashin ya kusa ninka biyu. Kyaftin ɗin ya nemi birkin haidurolik bai samu ba, sai ya koma ga birkin gaggawa. A wannan jirgi birkin gaggawa da matsattsiyar iska yake aiki, kuma ba shi da na'urar da ke hana taya cijewa. Tayoyin hagu suka fashe. Injiniyan jirgin ya ja ribas ɗin inji na 2 iya ƙarfinsa. Bayan tafiyar kimanin mita 2,300, jirgin ya fita daga titi ta hagu, ya tsaya kimanin mita 250 gaba. Dukkan mutum biyar sun fita da ransu.

Akwai darussa biyu a nan. Na farko, ribas ya yi aiki alhali birkin mai ya mutu, saboda ribas ɗin 707 da iskar da ake ɗiba daga cikin injin kansa ake buɗe shi. Muddin inji yana juyawa, yana da ƙarfin buɗewa. Ashe amsar tambayar wannan maƙala ta danganta da ƙirar jirgi: wasu da mai, wasu da iska, A380 kuwa da lantarki, kuma a injuna biyu na ciki kawai. Na biyu, injunan da suka rage duka a hagu suke. Ribas a gefe ɗaya da fasassun tayoyi a wannan gefe, dukkansu abubuwa ne masu jan jirgi hagu.

Akwai kuma lokacin da rashin matsi alama ce ta wata cuta da ta fi shi girma. A ranar 11 ga Yuli, 1991, wani DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, da ke yi wa Nigeria Airways jigilar alhazai, ya tashi daga Jidda zuwa Sakkwato. Wasu tayoyinsa ba su da isasshiyar iska. Biyu suka fashe a kan titi, wuta ta kama, aka naɗe ƙafafun cikin jirgi da wutar a jikinsu. Wutar ta cinye bututan mai da wayoyi, matuƙan suka ba da labarin sun rasa haidurolik. Jirgin ya faɗi kimanin kilomita 3 kafin titin da ya juyo zai sauka, mutum 261 suka rasu. Ba a ma kai ga maganar ribas ba. Ɓarnar ta faro ne daga iskar taya.

Dalilin Kulle Ribas

Me ya sa aka zaɓi ribas ya zauna a rufe idan abu ya lalace? Saboda buɗewarsa a sama ta fi rashin buɗewarsa a ƙasa haɗari. A ranar 26 ga Mayu, 1991, ribas ɗin injin hagu na wani Boeing 767 na kamfanin Lauda Air ya buɗe da kansa yayin da jirgin ke hawa sama bayan tashi daga Bankok a Tailan. Iskar da ta juyo ta lalata ɗagawar fiffiken hagu, jirgin ya kife, mutum 223 suka rasu. Bayan wannan haɗari ne aka ƙara wata sakata ta daban a ribas ɗin jirage da dama. A yau ribas yana buƙatar abu uku kafin ya yi amfani: inji mai rai, ƙarfin da zai buɗe murfi, da shaidar cewa jirgi ya iso ƙasa. A 737 shaidar takan fito daga na'urar da ke jin nauyi a kan ƙafafu, ko daga ma'aunin da ya nuna saura ƙasa da mita 3 a taɓa ƙasa.

Doka ta yarda jirgi ya yi aiki na ɗan lokaci da ribas ɗaya a kulle, bisa sharuɗɗa. Amma hakan yana neman natsuwar matuƙi. A ranar 17 ga Yuli, 2007, wani Airbus A320 na kamfanin TAM ya sauka a jiƙaƙƙen titi a Sawo Paulo ta Barazil da ribas ɗin dama a kulle. Aka ja hannun injin hagu zuwa ribas, na dama aka bar shi a matsayin hawa sama. Inji ɗaya yana ja baya, ɗaya yana tura gaba, allunan fiffike ba su miƙe ba. Jirgin ya zarce titi ya daki gini, mutum 199 suka rasu.

Abin da Masu Bincike Ke Dubawa

A ranar 29 ga Disamba, 2024, wani Boeing 737-800 na kamfanin Jeju Air ya ci karo da tsuntsaye a kusa da filin Muan a Koriya ta Kudu. Ya sauka a kan cikinsa ba tare da ƙafafu ba, ya zarce titi, ya daki wani ginin kankare da ke ɗauke da eriyoyin jagorar sauka. Mutum 179 cikin 181 suka rasu. Na'urorin naɗar bayanansa sun daina aiki kimanin minti huɗu kafin karon. Jirgin da ya sauka haka ba shi da birkin taya ko kaɗan, kuma injunansa ne ke fara gogar ƙasa.

A irin wannan yanayi hoton bidiyo kaɗai ba ya zama hujja, domin gogar ƙasa tana iya fizge murfin inji ya yi kama da buɗaɗɗen ribas, kuma buɗaɗɗen murfi a kan mataccen inji ba ya tsayar da komai. Masu bincike sukan kwance fistin ɗin da ke zamar da murfin su auna inda ya tsaya, su duba sakatu da bawul, su nemi tabon da karo ya bari a jikin ƙarfe. Ta haka aka tabbatar da buɗewar ribas ɗin jirgin Lauda daga tarkacensa, ko da yake wuta ta lalata na'urar naɗar bayanan tafiyarsa. A Nijeriya wannan aiki yana hannun hukumar NSIB, wadda ta gaji hukumar AIB.

Kammalawa

A taƙaice, idan matsin mai ya gudu, ribas mai aiki da mai yakan yi jinkirin buɗewa, ko ya buɗe a gefe ɗaya, ko ya ƙi buɗewa sam. Rashinsa shi kaɗai ba kasafai yake halaka jirgi ba. Haɗarin yana tasowa ne idan ya haɗu da yawan gudu, raunin birki, santsin titi, ko wani cikas a ƙarshen titin.

Wannan batu ya shafi mazauna kewayen filin jirgin Kano kai tsaye. Jujin shara da mahauta a kusa da fili suna tara tsuntsaye, kuma tsuntsu yana iya kashe injin da ke juya famfo. Filin da ake bari babu gini a ƙarshen titi an bar shi ne domin jirgin da ya kasa tsayawa. Ga ɗalibi kuwa, dokar Pascal da dokar Newton da yake haddacewa don jarrabawa su ne ke aiki a duk saukar da ya ji rurinta. Malami na iya nuna masa ta farko da sirinji biyu, ƙarami da babba, da aka haɗa da siririn tiyo cike da ruwa. Idan aka huda tiyon da allura, ɗalibai za su ga gudun matsi da idonsu. Mai son zurfafa ilimin kuma, Kwalejin Koyon Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana horar da matuƙa da injiniyoyin da ke duba waɗannan bututa kafin jirgi ya tashi.